Mai Walda da Ƙofar Gidan Yayarsa

Tartsatsi ake kiransa, rabi saboda walda, rabi saboda bakinsa. Shekara ashirin da biyu yana rumfa ɗaya a bakin titi, tsakanin mai faci da mai wankin mota, yana haɗa ƙofofi da tagogi. Hannu kam Allah ya ba shi. Sai babbar waya ta shigo ta raba masa hannuwan: dama na riƙe da ƙarfe, hagu na musu da mutanen da bai taɓa gani ba. Ƙwallo, siyasa, har yayen jarirai, babu inda ba ya tsoma baki.

Wata rana yana tsakar yi wa wani raddi, ya liƙa mariƙin ƙofar wani malamin makaranta daidai gwiwa. Malamin ya zo ɗauka, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Sai dai ni ba da rarrafe nake shiga gidana ba." Mai faci ya yi dariya har ya faɗa bahon ruwansa.

Da yamma Tartsatsi ya miƙa wa babbar 'yarsa wayar. "Goge min shafukan zumuntan nan duka."

"Baba, har guruf ɗin dangi?"

"Har shi."

Makon farko ya sha wuya. Babban yatsansa ya riƙa shafar iska, kamar mai ƙirga abin da babu. Ya zauna cin abinci, ya rasa inda zai ajiye idonsa, sai ya ɗora shi kan labule. Ya ce, "Kai, sabon labulen nan ya yi kyau." Matarsa ta ce, "Ya yi kam. Bara na saye shi." A mako na biyu ya gano ƙaramar 'yarsa ta iya karatu, ya kuma gano cewa mai wankin mota, da suka shekara bakwai kafaɗa da kafaɗa, mutum ne mai ban dariya. Ya fara yi wa kowa wa'azin barin waya, kamar shi ya ƙirƙiro zaman lafiya.

Ana haka Yaya ta kira. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita kaɗai yake tsoro a duniya.

"Auta, kana raye ashe. Kwana tara da karyewar ƙafata. Kowa ya gani a guruf, kowa ya zo. Da can ko yatsa kakan ɗaga min a ƙarƙashin hoto, yanzu yatsan ma ka janye. In ka fita daga cikinmu ne, ka faɗa min in sani." Ta kashe.

To, ga gaskiyar maganar tsirara: shekara uku da Yaya ta koma sabon gida, Tartsatsi bai taɓa taka shi ba. A hoto ya gan shi, ya rubuta "Masha Allah", ya ɗauka ya je. Ya tambaye ta kwatance yanzu? Gara ya haɗiye wutar walda.

Ya lallaɓa wajen matarsa. Ta ce, "Ni sau shida na je. Duk sanda na ce ka raka ni, sai ka ce ai ka gani. Unguwar bayan gidan ruwa ce. Sauran ka nema da idon da ka gani."

Ya hau babur da safe. Abu ɗaya ya riƙe daga hoton, shi ne ƙofa: shuɗiya, mai zanen ganye, da wata walda a kusurwar hagu, dunƙule kamar an tofa ta. Tun a lokacin ta tsaya masa a rai. Ya bi layi-layi yana leƙen ƙofofin mutane, har wata mata ta fito da tsintsiya ta tambaye shi abin da ya ɓatar. Shuɗayen ƙofofi goma sha ɗaya ya ƙirga, babu ita. Rana ta take. Ya tsaya goge zufa a gaban wata baƙar ƙofa, idonsa ya sauka kusurwar hagu. Ga dunƙulen nan, fenti kawai aka sake.

Ya tarar da Yaya a falo, ƙafa a miƙe kan matashi.

"Wa ya kawo ka?"

"Ni na kawo kaina, Yaya."

"Tun ƙarfe tara matarka ta ce min ka fito. Yanzu ɗaya saura. Ta wace ƙasar ka biyo?"

Ya durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallon furfurar da ta fito masa a gemu, wadda ita ma ba ta san da ita ba.

"Tashi ka gyara min matashin nan. A hankali, ƙafata ba ƙarfe ba ce!" Ya gyara. Ta ce, "Laraba za a duba ƙafar a asibiti. Kai za ka kai ni."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai. Kuma kada ka zo min da wannan rigar mai huji-huji, ka sa likita ya fara da kai."