Ranar da Na Kai Mama Ɗaukar Dariya

Wata Ba'amurkiya ce ta hana ni zama lafiya tun ina budurwa. A talabijin ɗin maƙwabtanmu a Samaru na san ta. Kullum tana falo ɗaya, kan kujera ɗaya, tana fitowa a matsayin matar gida mai baki kamar reza. Da ta yi magana sai ka ji jama'a sun kwashe da dariya, jama'ar da ba a taɓa nuna fuskarsu ba. Turancin nata rabi nake tsinta, amma dariyar nan ta shiga raina. Na ce mace tana cin abinci da bakinta shekara da shekaru, ni da ake kira rediyo mai jini a gidanmu me zai hana ni? Har yau nakan ci karo da ita a waya, ta tsufa, ta koma fitowa a matsayin kaka, kuma ana nan ana yi mata dariya. Ni kuwa ga ni da alli a hannu.

Na fara koyarwa a firamare, amma jikina ne kawai a aji. Wasan Kirsimeti a coci ni ce, wasan ranar iyaye a makaranta ni ce, duk bai ishe ni ba. Sai na ji wani matashi da ya karanta wasan kwaikwayo ya buɗe ɗakin ɗaukar shiri a saman wani shago a unguwar PZ, yana neman wadda za ta fito a masifaffiyar mai gidan haya. Ko takalmi ban canza ba na hau mota. Ya gwada ni, ya ɗauke ni, muka ɗauki kashin farko.

Shi ma daraktan irin ciwona ne da shi, so yake shirinsa ya fita da dariya a baya kamar na Amurka. Ya ce za a tara mutane, a nuna musu abin da aka ɗauka, a naɗi dariyarsu. Sannan ya ja ni gefe.

"Anti, ba zan ɓoye miki ba. Mai ɗaukar nauyin shirin yana da wata ɗaliba da yake so a wurin nan, ita ma mun gwada ta. Wadda aka fi yi wa dariya ita za ta zauna. Ki kawo mutanenki."

Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama! Ina da matan zumunta na cocinmu, waɗanda in suka fara dariya a bayan coci sai fasto ya aiko a ce su rage. Shugabarsu kuma mahaifiyata ce, wadda ake jiyo dariyarta tun daga bakin titi. Ni ce 'yar farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "waccan", kuma in ana yabona a gabanta tashi take yi ta shiga ɗaki. Duk na san wannan. Amma a lissafina ai ba ni za ta kalla ba, hoto ne a jikin bango.

Ranar Asabar da rana suka cika mota cikin ankon zumunta. A ɗakin an kashe fanka saboda kada ƙararta ta shiga naɗin, zafi kamar gidan burodi. Suka jeru a benci suna fifita da gefen mayafi. Ni na kasa zama, ina tsaye a baya, in je taga in dawo.

Darakta ya rusuna ya ce, "Iyayena, ba wani aiki ba ne. Duk abin da ya ba ku dariya, ku saki jiki ku yi abinku."

Aka fara. Wanda ya fito a ɗan haya ya bayyana yana sanɗa da takalmi a hannu, mata suka tuntsire har mai ɗaukar sauti ya zare abin kunnensa. Na ce madalla, an gama. Sai ga ni na faɗo, ɗankwali a ƙugu, tsintsiya a sama, ina zazzaga masifa. Mama ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran bakin zaninta. Ta kusa da ita ta saci kallonta, ta haɗiye tata dariyar. Wata ta baya kuwa dariyar ta kubce mata, ta yi maza ta mayar da ita tari. To wa zai yi wa 'yar mutum dariya, uwar tana zaune fuska a ɗaure? Da aka zo inda na zame na faɗa cikin bahon wanki, wurin da na fi taƙama da shi, abin da aka naɗa shi ne muryar wata tsohuwa tana cewa, "Ashsha! Sannu, 'yar nan."

Aka maimaita. Shiru ya fi na farko. Don takaici har ni na gwada yi wa kaina dariya daga baya, ta fito kamar kukan akuya, mata biyu suka juyo suna dubana da tausayi.

Na tare darakta a matakala. "Haba, kai ma ka san kunya ce! Bari in sallami Mama mu sake."

"Na sani, Anti, ni ma ɗan fari ne. Amma gobe mutumin zai saurara, kuma ba kunya zai ji a lasifika ba, shiru zai ji. Ƙawayen yarinyar can sun zo da safe, saura kaɗan su fasa mana ɗaki."

Shi ke nan, wurin ya tafi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. A motar komawa Samaru na shige gaba kusa da direba, na kafe ido a kan titi. Su ma sun gane an yi ɓarna ko da ba su san girmanta ba.

Mun wuce Kwangila ke nan sai na ji muryar Mama can baya, ƙasa-ƙasa, tana ce wa ta kusa da ita, "Ni kam waccan, da ta faɗa cikin bahon nan, ƙafa a sama..." Ba ta ƙarasa ba. Dariya ta ƙwace mata, irin ta bakin titin nan, ta cika motar. Sauran suka bi, wata na dukan cinyar wata, direba yana tambaya lafiya. Mama tana haki tana cewa, "Wayyo haƙarƙarina! Tun ɗazu nake danne ta. Allah ya shirya yarinyar nan, a ina ta koyo?"

Hawaye suka zubo min, na haushi da na daɗi a haɗe. Wuyana har ƙaiƙayi yake in waiwaya in ga fuskarta. Ban waiwaya ba, don na san tana haɗa ido da ni za ta daina.