Mai Ja wa Torleif Zif

Rigar nutson Torleif irin ta da ce, zif ɗinta a baya yake, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, duk dabararka ba ka iya ja wa kanka. Shekara talatin da huɗu matarsa Aslaug ce ke ja masa, ta buga masa tafi biyu a gadon baya ta ce, "Faɗa, tsoho, kifaye sun gaji da jiranka."

Sana'arsu ke nan a tsibirin Sørøya, can arewacin duniya inda ruwan teku ke da tsananin sanyi. Duk bazara baƙi kan zo hutu daga Jamus, mutanen da suka baro rana a garinsu don ruwan da ke kaɗa haƙora. Torleif ya shiga ƙasan teku da su, Aslaug ta riƙe jirgi tana bin kumfar numfashinsu da ido, ga kofi da busasshen kifi ta tanada. Dokarta ɗaya ce, ba mai shiga ruwa ba abokin tafiya. Ba su haihu ba, junansu kawai suke da shi.

A Yunin bara ya faɗa kamar kullum, sai ruwa ya kwararo masa ta kafaɗar hagu. Sanyin ya ƙwace masa numfashi, da ƙyar ya kamo tsanin jirgi. Ashe saura tsawon yatsa zif ɗin bai rufu ba.

"Ke, jirgin kike so ki gada?" ya ce yana karkarwa, wai shi a dole wasa.

"Na ja mana," in ji ta. "Ba na buga maka biyu ba?"

Ta buga ɗin kuwa, abin da ya tsorata shi ke nan.

Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai yi ta yi. Maƙwabcinsu Steinar ya karɓi tuƙin jirgi, ya ce, "Kai ma da taurin kai. Sayi mai zif a gaba ka huta."

"In na saya, ita kuma ta yi me?"

Sai Torleif ya koma ha'inci. Ta ja, ta buga, shi kuma ya zagaya bayan ɗakin tuƙi Steinar ya duba masa a ɓoye. Kullum abin sai ya ci masa rai.

A fitar ƙarshe ta Agusta ya juya mata baya yana jira. Bai ji hannunta ba. Da ya waiwaya sai ya gan ta a bayan wani dogon Bajamushe, ta ja masa zif tsaf har ƙarshe, ta buga biyu ta ce, "Faɗa, tsoho."

Sannan ta dubi Torleif da fara'ar da take yi wa baƙi. "Bawan Allah, kai ina abokin tafiyarka?"

"Ba ni da shi," ya ce.

"Ayya. To ka yi haƙuri ka zauna, nan ba a shiga mutum ɗaya."

Ya zauna da bayansa a buɗe, iska na shiga. Ta zuba masa kofi, ta tambaye shi daga wane gari ya zo.