Azumin da Na Ɗora wa Mahaifina

A lokacin ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Anka, ba ni da abin nunawa sai babur da baki. Abin alfaharina ɗaya ne, shi ma ba nawa ba: mahaifina da ke Gwashi ya haura casa'in, kuma tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba. Duk majalisar da na zauna sai na faɗa, 'yan zaman banza su yi ta kabbara, ni kuma in kumbura kamar ni ke jin ƙishirwar.

Shekarar da azumi ya faɗo cikin zafin bazara, na je gida ana saura kwana uku a fara. Tsohon ya kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko za a auna gero a ciyar a madadinsa, tunda addini ya sauƙaƙa wa irinsa. Inna ta mara masa baya, ta ce ma'aikacin asibiti ya gargaɗe su kan hawan jininsa da rashin shan ruwa. Na yi dariya. Na ce yaron da aka haifa jiya me ya sani, kuma me zan gaya wa mutane bayan na cika gari da labarinsa? Sai tsohon ya ce to, ba zai ba ni kunya ba.

Ran sha ɗaya ga wata ya faɗi a bakin rumbu da la'asar. Kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara biyu ya yi a kwance, Inna na juya shi, har ya rasu bai ƙara furta kalma ba. Masu kabbarar nan kuwa su suka fara zuwa dubiya, suka fita suna tambayar juna wane marar imani ne ya bar tsoho haka da azumi. Na raina su, amma ban raina su kamar yadda na raina kaina ba.

Ku masu tsofaffi a gida, tsawon ransu ba lambar yabonku ba ce. In tsoho ya ce ya gaji, to ya gaji. Ku saurare shi, ku ji maganar likita, ku bar 'yan majalisa da surutunsu. Ni dai mutumin da ya haife ni ya nemi izinin shan ruwa a wurina, na hana shi.