Ramin Malam Habu Bai Kashe Mini Saniya Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tatsa da safen nan aka kira ni, wai Malam Habu na Fammar ya rasu.

Kunya ce ta fara kama ni kafin kuka.

Shi ya koya mini ajiye wa shanu ɗanyen karan masara a rami don rani. A sassara, a tattake, a rufe da leda. Da babur ɗinsa ya zo har Kibiya, ya yini a gonata. Kafin mu shiga ramin, ni da masu taya ni, sai da ya sa muka wanke ƙafa. Muna dariya, muna cewa Malam, alwala za mu yi wa shanu? Ya ce, "Abinci ne. Kai za ka ci tuwon da aka taka da kashin shanu?"

Ya ja mini kunne: in leda ta huje a liƙe ta ranar, kuma duk abin da ya yi baƙi ko fumfuna a zubar.

Kaji suka huda ledar. Na gani, na ce sai gobe. Da na buɗe ramin, saman duk ya yi fumfuna yana wari. Na ji ba zan iya zubarwa ba, na cakuɗa da dusa na ba shanun. Saniya ɗaya ta mutu, ɗaya ta yi ɓari.

Sai na shiga gari ina cewa ramin Malam Habu ne ya kashe mini saniya. Mutane suka daina kiransa ya nuna musu aikin.

Ya zo jaje, ya leƙa ramin, ya ga komai. Bai tona ni ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Rano ce. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗanjuma, bana in za ka cika rami ka kira ni." Na ce to, na zame hannuna.

Ban kira shi ba. Ban nemi gafararsa ba.

Jama'ar Fammar da Kibiya, wallahi ƙarya na yi masa. Ni na kashe saniyata. Duk wanda ya ji waccan maganar a bakina, don Allah ya kai wannan inda ya kai ta.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa. Ku sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini ƙarfin halin faɗa wa iyalinsa baki da baki, yanzu zan tafi jana'izar.