Ƙura Biyu a Busasshen Tafki: Ban Kwana da Orval Tackett

Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, 2014, 'yarka Rhonda ta kira ni a waya. Ba ta gaishe ni ba, ita da ba ta taɓa tsallake gaisuwa ba. Cewa kawai ta yi, "Kawu Ruben, an ga Baba." Muryarta ta gaya mini sauran. Orval Tackett, mutumin Victorville, bakanike ɗan bakanike, abokina tun muna samari, Allah ya karɓi ranka kana da shekara tamanin da ɗaya. Mun binne ka ranar Asabar a gefen ƙaninka Lyle. 'Yan ƙungiyarmu ta tseren mota sun ce ni zan rubuta wani abu a kanka, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san ka kafin furfura. Na amsa, amma na gaya musu ba zan tace komai ba.

Ba a ambatonka a bar motarka. A bayan gonar wani mai lemo ka tsinto ta, ƙirar 1932, kaji sun mayar da ita akurki. Ka cire mata rufi, ka cire murfin tayoyi, ka sauke ta har cikinta ya kusa shafar ƙasa, ka yi mata baƙin fenti da harsunan wuta ja a kan bonet. Lyle ne ya raɗa mata suna Bazawara, wai ta ga mazaje da yawa kafin ta faɗo hannunka. Ka ce masa, "Baƙin ciki ke damunka. Taka ko budurwa ce, wa ke kallonta?" Shi ma yana da tasa da ya haɗa da hannunsa, kuma duk ƙarshen mako kuna busasshen tafki, kuna neman wanda zai kunyata ɗan'uwansa.

Ni ne mai riƙe agogo a ƙarshen layi, don haka a gabana abin ya faru, a bazarar 1958. Kun taso tare, kana gaba, yana dab da kai, sai tayarsa ta gaba ta fashe. Motar ta yi ta wuntsilawa cikin farar ƙura. Ko da muka isa, ya cika. Bayan jana'iza ka jawo tarkacen gida, ka zare injin, ka dasa shi a cikin Bazawara. Mahaifiyarku ta roƙe ka da hawaye ka haƙa rami ka binne shi. Ka ce, "Mama, kowace ƙusa a jikin injin nan shi ya ɗaure. Ba zan bar shi a bola ba."

Ranar da ka fara komawa tafki, an riga an hana tashi biyu-biyu; mota ɗaya ake saki, sai ta gama a saki wata. Rana tsaka ce, sararin sama tas, babu ko iska. Na hango ƙurarka ta taso daga nesa, doguwa, madaidaiciya. Sai na ga wata a gefenta, kaɗan a baya, tana tafe da gudu irin naka. Na goge idona. Babu mota a ƙarƙashinta. Ka tsallake layi, agogo ya buga, sannan ya sake bugawa kamar wata motar ta tsallake. Dattawan da ke tsaye tare da ni suka ce 'yar guguwa ce, agogon kuma zafi ne ya taɓa shi. Amma babu wanda ya kalli idon wani.

Da ka dawo ka kashe inji, ka ce, "Ruben, me ka gani?"

Na ce, "Ƙura."

"Guda nawa?"

Na sunkuya ina duba agogo. Ka yi dariya, ka ce, "Har yanzu bai wuce ni ba, ɗan banzan yaro." Sai dai ashanar da ka ƙyasta ta mutu a hannunka ba ka kunna komai da ita ba.

Ba kullum ƙura ta biyun take fitowa ba. Wata shekarar babu ita sam, wata shekarar kuma duk wanda ke bakin layi sai ya gan ta. Sababbin shiga sukan ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce, har ranar da za su gani da idonsu, daga nan su ma su koyi yin shiru.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka ka rayu cikin ɗari-ɗari. Ban san mutumin da ya ji daɗin abin hannunsa kamar kai ba. Kowace Lahadi bayan coci, matarka Maxine za ta ɗaure gashinta da ɗankwali, ta rungume flas ɗin kofi, ku kama hanyar duwatsu, ƙarar salansar motar tana tayar da karnukan unguwa. Amaren garin nan da yawa a Bazawara aka kai su, ba ka taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Ba ka wuce motar da ta mutu a hamada. Kullum akwai jarkar ruwa da akwatin sifana a ƙarƙashin ƙafarka. Masu hali sun sha zuwa taya motar, ka ba su kofi, ka zagaya da su, ka raka su bakin ƙofa. A cikinta ka koya wa Rhonda tuƙi, tana ta kashe inji kana ta ce mata, "Sake, ba ta fushi."

Alherin da ba zan manta ba shi ne wanda ka yi wa matata Consuelo. Shekara da shekaru tana kiran motarka gangar shaiɗanu, ta rantse ba za ta taɓa shiga ba. Da ciwon daji ya ci ƙarfinta, likita ya ce mu koma gida, sai wata safiya ta ce a kira mata Orval. Ka zo, ka jera matasai a kujera, ka ɗauke ta cak ka zaunar. Kun hau tafki kana lallaɓawa kamar mai ɗauke da tire cike da ruwa. Ita ta ba ni labari da bakinta, wai ta dube ka ta ce, "Orval, mutuwa zan yi, ba fashewa ba. Taka mata, malam!" Ka taka. Ta dawo gashinta a hargitse, tana dariyar da na yi wata da watanni ban ji ba.

Da yamma ina ba ta shayi, ta ce, "Ruben, wane yaro ne yake ta ƙyalƙyala dariya a bayanmu? Kamar a kunnena." Bazawara ba ta da kujerar baya. Consuelo kuma ba ta san Lyle ba. Bayan rasuwarsa na haɗu da ita. Na ce mata iska ce. Ta ce, "Ko ma wane ne, yana da daɗin dariya."

Sai tsufa ya zo maka ta ido. A shekarun ƙarshe ba ka rarrabe fuskar mutum da bango. Rhonda ta karɓe makulli tana kuka, kai kuma ba ka yi mata musu ba. Ka koma zama a gareji, kana shafa jikin motar da tsumma, kana gane kowane lungu da yatsa. Zuwana na ƙarshe, cikin watan jiya, ka kamo hannuna ka ɗora a kan injin. Da ɗumi. Motar da ta fi shekara ba a tayar ba. Na ce ranar da ke dukan kwanon rufin gareji ce. Ka ce, "Kai dai ba ka gajiya da ƙarya, tsoho. Yaron nan ne ya gaji da bin bayana."

Safiyar Talatar nan Maxine ta tafi taron matan coci, ta bar ka da karin kumallo a gabanka. Maƙwabta sun ji tashin inji. Ɗaya daga cikinsu ma ya ɗaga hannu da motar ta wuce, amma ya ce rana ta haske masa ido, ba zai iya cewa ga wanda ke tuƙi ba. Wani mai yawo da karensa ne ya tarar da kai a tsakiyar tafki, inji a kashe. A kujerar fasinja kake, bel a ɗaure, hularka a kan gwiwa, kanka a jingine kamar wanda barci ya sace. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. 'Yan sanda suka ce kai ka tuƙo kanka, da ka ji jiki ya canza sai ka matsa ɗaya gefen.

Na yarda rashin makulli ba komai ba ne a wurin bakanike. Amma makaho a kan babban titi, cikin manyan motoci, har ya gane kwanar tafki? An ɗan yi yayyafi kafin ranar, ƙasar ta yi laushi, ko tsuntsu ya sauka sai ya bar sawu. Na zagaya motar da ƙafata. In ka cire na 'yan sanda, ban ga sawun kowa ba sai na mai karen da karensa. Sawun taya kuwa ya miƙe sak, babu karkata, kamar an ja shi da zare.

Da aka dawo da Bazawara gida, Maxine ta fito da sandarta, ta tsaya ta daɗe tana kallon ciki. Sannan ta ce, a hankali, "Ruben, dubi kujerar direba. An jawo ta gaba." Na duba. Gwiwarka ba za ta taɓa shiga wurin ba. Ta ce, "Orval dogo ne. Lyle ne gajere. Kullum in ya ari motar sai sun yi faɗa a kan kujerar nan." Ba ta yi kuka ba. Rhonda ta miƙa hannu za ta mayar da ita, uwar ta riƙe ta, ta ce a bar ta yadda take.

Ni ban san abin da ya faru a tafkin nan ba, kuma a shekaruna na daina kunyar cewa ban sani ba. Abin da na sani, na ga fuskarka kafin a rufe akwati, kuma ba fuskar wanda ya tsorata ba ce.

Maxine, Allah ya ba ki haƙurin zaman gidan da ya yi shiru. Rhonda, ke da 'ya'yanki, Allah ya dafa muku. Kin riƙe mahaifinki riƙon da kowane uba zai yi fata, kada ki tuhumi kanki da komai. 'Yan ƙungiya, manya da yara, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Kai kuma Orval, Ubangiji ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa matafiya da amare da marasa lafiya, ya ba ka hutu a wurin da ido ba ya dushewa. Wanda ya zo ya ɗauke ka a safiyar nan kuma, ko wane ne shi, ya tuƙa ka a hankali, ya ɗaura maka bel, bai bar ka ka tafi kai kaɗai ba. Shi ma Allah ya jiƙansa.

Ruben Salcido
Victorville