Ɗigon Jan Farce a Lamba Uku

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika mana coci a Jambutu ce. Ran wata Lahadi na yi latti, na cusa wayar jita a amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ban duba maɓallin ƙara ba. Ashe yana can sama. Sai ji muka yi fau, kamar harbin bindiga!

Kafin in ɗaga kai coci ya watse, wasu ta ƙofa, wasu ta taga. Wata tsohuwa da ta tako da ƙafa daga ƙauyensu ta shige ƙarƙashin benci, sai da aka yi ta lallashi ta fito. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattawa suka zauna a kaina. Shugabansu, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son doka kamar me, ya zo da jan farcen matarsa ya ɗiga a kan lamba uku ta maɓallin ƙara.

"Malam, kar ya wuce nan. Waƙa ya tsaya a ciki, ba mu san wanda yake ji a titi ba."

"Baba, a uku ko benci na biyar ba ya ji."

"Allah yana ji."

Raina ya ɓaci. Ana caje mu a ƙofa, na yarda. Amma yabon Ubangiji ma sai mu yi shi kamar masu gulma? Masallacin da ke bayanmu su ma caje su ake yi, ladaninsu bai rage murya ba.

Na zauna na koyi abin da kyau. A mayar da ƙara sifiri, a cusa waya, a kunna, sannan a murza a hankali. Na rage kaurin sauti don kada cikin jita ya yi kuka, na ƙara kaifi. Duk da haka uku dai uku ce, na baya bakinmu kawai suke kallo.

Wata Lahadi muna shirin farawa, tsohuwar nan ta taso daga bakin ƙofa, inda take zama tun ranar, ta tsaya a gabana.

"Ɗana, kai ne mai bindigan?"

"Ni ne, Mama. Ki yafe ni."

"A gida da raɗa muke waƙa, har suka kore mu. Ban taka dutse na zo nan don in sake raɗa ba. Ƙara."

Na murza har shida ina kallon shugaba ido cikin ido. Ya dubi tsagaggun ƙafafunta, ya kawar da kai.

Amfilifayar tana nan har yau, ɗigon ya koɗe amma ban kankare shi ba. Kowace Lahadi daga sifiri nake farawa, in zo kansa a hankali, in wuce.