Allin Tela a Kan Tayoyi Huɗu

Ranar Talata ce, da misalin ƙarfe goma na safe, saura makonni uku Babbar Sallah. Mu huɗu ne a wani gareji da ke bakin Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, ta wajen Mokola: ni, da ƙanwata, da mijinta, da bakaniken. A tsakiyarmu ga motar, tsohuwar tokumbo mai giyar otomatik, irin wadda ke jan tayoyinta huɗu a kowane lokaci.

Ni shaida aka kira ni. Mijin ƙanwata tela ne, mai shago a cikin unguwa. Shekarar da ta gabata ya yarda matarsa ta koyi tuƙi, bayan an daɗe ana kai ruwa rana, saboda tana daka yaji tana yin dambun nama a gida, kayan aikin kuma sai an je kasuwar Shasha. Ta yi wata bakwai tana ja, motar ta soma jijjiga. Makanikai biyu suka duba. Na farko ya ce giya ta mutu, sai an sauke ta. Na biyu ya ce hannun ɗan koyo ne, wai sa ribas ake yi kafin mota ta gama tsayawa. Mijin ya karɓe makulli, ya ce in na uku ya faɗi haka, to ta gama tuƙi. Ita kuma ta aiko mini cewa in zo in ji da kunnena.

Bakaniken nan na uku haifaffen Sabo ne, sa'an mijin, tare suka yi makarantar allo. Wajen wani Bayarabe ya koyi aikin giya, shekara tara. Da abokan aikinsa Yarabanci yake yi, da masu kayan gyara Turancin buroka, da mu kuma Hausa. Ba ya kiran mijin ƙanwata da komai sai Tela, shi kuma yana ce masa Baƙin Hannu.

Bai buɗe motar ba. Ya tambayi wa ke jan ta kullum. Tela ya fara bayani, yana duba agogo, domin ɗinkin Sallah ya taru masa. Bakaniken ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce:

"Tela, kai labari ka ji. Hajiya ce ta ji motar. Ka ba ni izini in tambaye ta."

Tela ya ce bismilla, ai ga ta nan.

Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, na kuma saurari masu hira da yawa. Kaɗan na gani da suka iya tambaya kamar mutumin nan. Ba ya sa wa mutum amsa a baki. Ya tambaye ta yaushe motar ke jijjiga. Ta ce in za ta shiga ƙofar gida, da in tana juyawa a wurin ajiye motoci na kasuwa. Ya ce a miƙaƙƙiyar hanya fa? Ta ce har Ojoo ba ta jin komai, kuma giya tana canzawa lafiya, ɗaya bayan ɗaya. Da safe ko da rana? Ta ce ya fi tsanani in ta dawo, motar ta yi zafi. Yaya jijjigar take? Ta ce kamar akuya ce ake ja da igiya tana tirjewa, kuma daga baya abin ke zuwa, ba daga gaba ba.

Sai ta ƙara wani abu da ba a tambaye ta ba. Ta ce ranar da aka yi ruwa, ƙofar gida ta yi taɓo, ta sha kwanar nan motar ba ta ce uffan ba.

Bakaniken ya ɗago kai ya dube ta. Ya tambaya ko ta faɗa wa waɗancan biyun haka. Ta ce ba su tambaye ta komai ba, tana cikin gida aka zo aka ɗauki motar.

Daga nan ya tayar da inji, ya bari ya yi zafi, ya zaro ma'aunin man giya ya ɗiga a farar takarda. Ya nuna mana: man ya yi duhu, ja ya koma ruwan ƙasa, amma ba ƙaurin ƙuna, ba kuma ɓarɓashin ƙarfe. Ya jona na'urarsa ta binciken mota, ba ta nuna laifi ba. Ya ce na'ura abin da aka koya mata kawai take faɗa, mu je mu ji daga bakin motar.

Akwai wani tsohon gidan mai da aka rufe a kusa, filinsa siminti ne. Can muka je, Tela ne ya ja mu. Bakaniken ya ce Hajiya ta ja, shi ya zauna a baya tare da ni, Tela a gaba. Makullin yana aljihun Tela. Ya ɗan jinkirta, sannan ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

Ta murɗe sitiyari har ƙarshe kamar yadda aka ce mata, ta saki birki a hankali. Motar ta fara zagaye tana tirjewa, gib, gib, gib, ƙarƙashin kujerarmu. Tela ya juyo ya ce to ga shi nan, kowa ya ji. Bakaniken ya ce kowa ya ji. Ya fita, ya buɗe gaban motar, ya ciro wani ƙaramin fiyus daga aljihu ya soka a wani gurbi da ban taɓa sanin yana nan ba. Ya yi mana bayani cewa a irin wannan mota, fiyus ɗin yana sakin tayoyin baya, ta koma jan na gaba kaɗai. Ya ce a sake zagayen.

Motar ta zagaya sumul, sau uku, ba ko ƙis.

Ya ce giyar da ta mutu ba ta farfaɗowa da fiyus. Matsalar tana inda ake raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Tayoyin gaba da na baya rigima suke yi, a taɓo ɗaya yana sulɓewa a rabu lafiya, a siminti kuwa ba mai sakar wa wani. Saura a san abin da ya haɗa su faɗa.

Ya zagaya motar yana duban tayoyi. Na lura ya daɗe a kan ta baya ta hagu. Ina tsammanin a lokacin ya riga ya sani, kuma yana iya faɗa a jimla ɗaya. Maimakon haka sai ya ce:

"Tela, allinka yana jikinka? Da tef? Ni hannuna ba ya awo daidai, kai ne gwani."

Tela ba ya rabuwa da su. Aka daidaita motar, ya durƙusa da babbar rigarsa ya ja layi a gindin kowace taya, daidai inda ta taɓa ƙasa. Ƙanwata ta ja motar a miƙe, a hankali, ni ina ƙirga juyin tayar gaba ta dama da babbar murya. A na goma aka tsaya. Layin wannan tayar yana ƙasa. Na ɗayar ta gaba ya goce da yatsa uku. Na baya na dama ya goce da tafin hannu. Na baya na hagu kuwa ya tsaya can gefe, bai ma kusa sauka ba.

Tela ya sa tef ya auna. Ya sake aunawa. Ya karanta lambobin jikin tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ga uku kusan ɗaya ne, ta huɗun daban take. Kowa a unguwarmu haka yake sayen taya: wadda ta fashe ita ake canzawa, a je wajen mai faci a zaɓi tokumbo mai sauran zane, in ta shiga ƙarfen shi ke nan. A motar da ke jan tayoyi biyu ba a ganin illar. Ni ma haka nake yi.

Tela ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, ba tare da an tambaye shi ba, shi ya sayi ta hagun nan bayan azumi, ranar da ya kai kaya Ojoo. Ya tambayi matarsa yaushe jijjigar ta fara. Ta ce bayan Ƙaramar Sallah da mako biyu.

"Ƙafar wando ɗaya ta fi ɗaya tsawo," in ji bakaniken, "sai ka ce mai wandon ne bai iya tafiya ba?"

"Rufe mini baki, Baƙin Hannu," in ji Tela. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ranar da na ɗinka maka irinsa ka zo ka faɗa."

Bakaniken ya koma kan aiki. Ya ce faya-fayan da ke raba ƙarfin sun sha zafi amma suna saki, don haka yana sa ran ba sai an sauke komai ba. A sa tayoyi huɗu iri ɗaya, a canza man giya, a yi tafiyar mako biyu a sake canzawa. In jijjigar ba ta tafi ba, sai a buɗe bayan giyar kaɗai. Ya ce ba zai yi rantsuwa a kan abin da bai gani da ido ba. Ya kuma ce kada a bar fiyus ɗin a ciki a ce an warke, na gwaji ne.

Tela ya tambaye shi kai tsaye, a gabana, ko akwai hannun mai tuƙi a ciki. Ya ce babu. Ya ce da waɗancan biyun sun ji maganar taɓon nan, da ba a kai ga zuwa wurinsa ba.

Ƙanwata ta kashe motar, ta zare makulli ta miƙa wa mijinta. Ya ce ta riƙe, ta sauke shi a shago, aiki na jiransa.

An sa tayoyin ranar Alhamis. Bayan canjin mai na biyu jijjigar ta ɗauke, ba a buɗe giyar ba. Ita ta ja motar zuwa Shasha sayen kayan miyar Sallah.